Waiwaye: Daga Tsibirin Elcho Zuwa Bikin Garma

Tun bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Oktoban 2023, inda kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe a Ostareliya suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara, ake ta cacar baki kan bikin al'adu na Garma da al'ummar Yolngu, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar, ke yi duk shekara a Gulkula, can ƙuryar yankin Arnhem a arewacin Ostareliya. Wasu na cewa siyasa ta mamaye bikin, raye-rayen kakanni sun koma abin kallon baƙi. Masu wannan magana suna yi kamar jiya aka fara haɗa rawa da siyasa a wurin.

Kowa ya san koken neman haƙƙin ƙasa da 'yan Yolngu na garin Yirrkala suka rubuta a kan ɓawon itace suka aika majalisar tarayya a 1963, da dokar mallakar ƙasa ta 'yan asali ta 1976, da sanarwar Barunga ta 1988, wadda a cikinta 'yan asali suka gabatar wa gwamnati buƙatunsu. Garma kuwa a 1999 aka fara shi.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne 1957. A shekarar ne wasu dattawan Yolngu a Galiwin'ku, a Tsibirin Elcho da ke gaɓar yankin Arnhem, suka fito da rangga, kayan tsarki na gargajiya da mata da yara ba sa ko kallo, suka kafa su a fili kusa da coci, da gicciye a kan ɗaya daga cikinsu. Abin ya girgiza mutane, kuma ba dukan zuriyoyi ne suka yarda da shi ba. Dattawan dai sun lura cewa hotunan al'adunsu sun riga sun shiga hannun baƙi, sai suka ga gara su buɗe da kansu, su kuma faɗi abin da suke so a madadi: ilimi ga 'ya'yansu, aikin yi, da iko kan ƙasarsu. Ciniki ne suka shiga da mafi tsadar abin da suke da shi.

A ganina, a nan aka aza tubalin abin da ake gani a Gulkula. Da yamma in an busa yidaki, doguwar sarewar itace ta Yolngu, 'yan rawar gargajiya ta bunggul sun shigo fili jikinsu shafe da farar ƙasa, manyan baƙi na zaune a gefe, buƙatun na 1957 ne ake sake gabatarwa. Kuma har yanzu dattawa ne ke yanke abin da za a nuna a fili da abin da zai ci gaba da zama sirrin zuriya.