Duniyoyin Wajen Rana

Duniyoyin wajen Rana su ne duniyoyin da ke kewaya wasu taurari daban da Ranarmu. Rana ita ma tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa take cika mana ido. Kamar yadda duniyoyi takwas ke zagaya ta, haka da yawa daga taurarin da muke gani da dare suke da nasu iyalin. Har zuwa farkon shekarun 1990 babu ko ɗaya da aka tabbatar. A watan Maris na 2022, kundin da hukumar NASA ta Amurka ke ajiyewa ya haura 5,000, a 2025 kuma ya kai 6,000.

Kusan dukkan waɗannan duniyoyi babu idon da ya taɓa ganin su, ko da ta madubin hangen nesa. An san da su ne ta alamar da suke bari a jikin hasken taurarinsu. Daga wannan 'yar alama ake fitar da girmansu, nauyinsu, tsawon shekararsu, wani lokaci har da irin iskar da ta lulluɓe su. Wanda ya riƙe wannan tun farko zai fi fahimtar ƙarfin wannan ilimi, ya kuma san inda iyakarsa take.

Nisa da wahalar gani

Ana auna tazarar taurari da shekarar haske, wato nisan da haske ke ci cikin shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Tauraro mafi kusa da Rana, Proxima Centauri, yana da nisan shekarar haske 4.2. Kumbon Voyager 1 yana gudun kusan kilomita 17 a kowace daƙiƙa, amma da can ya nufa, sai ya shafe shekaru fiye da 70,000 a hanya. Ga nisa, ga kuma duhu: duniya ba ta da hasken kanta, aron na tauraronta take yi. Wanda zai leƙo mu daga nesa, hasken Rana zai ninka na duniyarmu sau biliyan 10 a idonsa. Tamkar neman ƙyallin ashana ne a gefen babbar fitilar filin wasa, daga wani gari.

Tarihin neman su

Tunanin ya daɗe. Malamin tafsiri Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya tattauna yiwuwar akwai wasu duniyoyi masu yawa bayan wannan. A 1584 ɗan Italiya Giordano Bruno ya rubuta cewa taurari ranaku ne, kowace da duniyoyin da ke kewaya ta. Duk wannan hasashe ne na hankali, babu na'urar da za ta gwada shi a lokacin.

Ko da na'urori suka zo, an sha tuntuɓe. A 1963 Peter van de Kamp ya sanar da cewa ya gano duniya a gefen Tauraron Barnard, bayan ya shafe shekaru yana auna hotunan tauraron. Daga baya aka gano cewa motsin da ya gani daga madubinsa yake, saboda gyare-gyaren da aka yi wa gilashinsa. Irin wannan kuskure ya sa masana suka daɗe suna ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da labarin sabuwar duniya. Sai a 2024 aka tabbatar da wata 'yar ƙaramar duniya a gefen wannan tauraro, wadda ba ta da alaƙa da abin da van de Kamp ya zata.

Tabbaci na farko ya zo daga inda ba a tsammani. A 1992 Aleksander Wolszczan da Dale Frail, suna amfani da babbar na'urar sauraren rediyo ta Arecibo a tsibirin Puerto Rico, suka gano duniyoyi biyu suna kewaya gawar wani tauraro da ya riga ya tarwatse, mai suna PSR B1257+12. Irin wannan gawa tana aiko da bugun rediyo a kan kari kamar agogo, kuma ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da ake samu a bugun ne ya tona asirin duniyoyin.

Ranar 6 ga Oktoba, 1995, masana biyu daga Jami'ar Janeba a Suwizalan, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz, suka sanar da duniya ta farko da ke kewaya tauraro mai kama da Rana. Sun yi awonsu a cibiyar Haute-Provence da ke kudancin Faransa. Duniyar, 51 Pegasi b, tana da nisan kusan shekarar haske 50, nauyinta kuma kusan rabin na Jufita, duniya mafi girma a iyalin Ranarmu, wadda malaman falaki na dā ke kira Mushtari. Abin da ya girgiza masana shi ne shekararta: kwana 4.2 kacal take yi ta zagaye tauraronta. Jufita tana ɗaukar kusan shekara 12, Makuri kuwa, wadda ta fi kowace kusanci da Rana, kwana 88. Bisa abin da ake koyarwa a lokacin, ƙatuwar duniyar iska ba za ta iya samuwa a gindin tauraro haka ba. Cikin 'yan kwanaki wasu masana a Amurka suka sake awon suka tabbatar. A 2019 Mayor da Queloz suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks da James Peebles.

Yadda ake gano su

Hanyar da Mayor da Queloz suka bi ita ce auna rangajin tauraro. Idan babba ya riƙe hannayen yaro yana juyawa da shi, yaron ne ke yin babban da'ira, amma babban shi ma sai ya riƙa jirkicewa baya, ƙafafunsa na yin ƙaramin kewaye. Haka tauraro da duniyarsa suke, kowane na jan ɗan'uwansa. Idan tauraron ya ɗan matso wajenmu, haskensa kan karkata zuwa shuɗi, in ya ja baya ya karkata zuwa ja, kamar yadda ƙarar jiniyar motar asibiti ke yin sama tana tahowa, ta yi ƙasa bayan ta wuce. Jufita tana sa Rana rangaji na kusan mita 12.5 a daƙiƙa. Duniyarmu kuwa santimita 9 kawai, tafiyar kunkuru ke nan, kuma wannan ake son aunawa daga nisan tiriliyoyin kilomita. Raunin hanyar shi ne mafi ƙarancin nauyin duniyar kawai take bayarwa, muddin ba a san karkatar kewayenta ba.

Hanya ta biyu, wadda ta fi kowace yawan gano duniyoyi, ita ce ta giftawa. Idan duniya ta ratsa tsakaninmu da tauraronta, hasken kan ɗan dushe na wasu sa'o'i sannan ya dawo, ƙaramin husufi. Duniya mai girman Jufita tana tare kashi 1 cikin 100 na hasken tauraro irin Rana, mai girman tamu kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Zurfin dushewar na nuna faɗin duniyar, tazarar maimaituwarsa na nuna tsawon shekararta. An fara ganin haka a 1999 a duniyar HD 209458 b. Sai dai dole kewayen ya yi daidai da layin ganinmu, kuma ga duniya mai matsayi irin na tamu, sau ɗaya cikin 200 ake dacewa. Maganin wannan shi ne a zura wa taurari masu ɗimbin yawa ido a lokaci guda.

Wannan ne aikin kumbon Kepler. William Borucki ya yi ta kai wa NASA wannan shawara a shekarun 1990, ana mayar da shi sau huɗu, kafin a amince a 2001. Aka harba kumbon a Maris 2009, ya kafe ido a kan yanki ɗaya na sama yana auna hasken taurari kimanin 150,000 ba ƙyaftawa. A 2013 na biyu daga cikin ƙafafun juyi huɗu da ke daidaita shi ya lalace, aka ɗauka aikin ya ƙare. Injiniyoyi suka yi dabarar amfani da 'yar turawar da hasken Rana ke yi wa jikin kumbon don ta maye gurbin ƙafar da ta mutu, ya ci gaba da aiki har mansa ya ƙare a Oktoba 2018. Ya bar duniyoyi fiye da 2,600 da aka tabbatar. Kumbon TESS, wanda aka harba a Afrilu 2018, ya ɗora daga nan, yana duba taurari masu haske da ke kusa da mu.

In aka haɗa hanyoyin biyu a kan duniya ɗaya, ga nauyi ga faɗi, sai a san ko dutse ce ko iska.

Akwai kuma 'yan kaɗan da aka ɗauki hotonsu kai tsaye, galibi manya, masu zafi, masu nisa da taurarinsu, kamar duniyoyi huɗu na tauraron HR 8799 da aka gani a 2008 da 2010. Wasu kuma an gano su ta yadda nauyinsu ke lanƙwasa hasken wani tauraro da ke bayansu. Wajen suna, ana ɗaukar sunan tauraron a ƙara masa ƙaramin harafi, a fara da b.

Ire-irensu

Babban darasin shekaru 30 na wannan bincike shi ne tsarin Ranarmu ba shi ne ma'aunin kowa ba. Manyan duniyoyi masu zafi irin 51 Pegasi b, yawancin masana na ganin a nesa suka samu, inda ƙanƙara take, sannan suka yi ƙaura zuwa ciki. Ashe duniya na iya barin inda aka haife ta. Wasunsu zafinsu ya wuce misali: ɓangaren rana na KELT-9b ya haura digiri 4,000 a ma'aunin Salshiyos, ya fi wasu taurari zafi. Kepler-16b, da aka gano a 2011, ranaku biyu take kewayawa.

Abin da ya fi ba da mamaki, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne nau'in da Kepler ya fi samu babu irinsa ko ɗaya a gidanmu: duniyoyin da suka fi tamu girma amma ba su kai Naftun ba, wato duniyar da ta fi nisa da Rana. A 2017 wani nazari ƙarƙashin Benjamin Fulton ya nuna sun kasu gida biyu, da giɓi a tsakani, domin waɗanda faɗinsu ke tsakanin ninki 1.5 da ninki 2 na duniyarmu ba su da yawa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, masu ƙaramin nauyi zafi kan kwashe musu mayafin iskar haidirojin su koma tsurar dutse, masu nauyi kuma su riƙe nasu su zauna a kumbure.

Neman wurin da rai zai iya zama

Kowane tauraro na da wani yanki da zafinsa ya daidaita yadda ruwa zai iya kwanciya a doron duniya, bai daskare ba bai ƙafe ba. Kepler-186f, a 2014, ita ce ta farko mai girma kusan na tamu da aka samu a irin wannan yanki. A 2016 aka gano Proxima b a gefen maƙwabcinmu mafi kusa, mai shekarar kwana 11.2. A Fabrairu 2017 ayarin Michaël Gillon na Jami'ar Liège a Beljiyam ya sanar da duniyoyi bakwai masu girma kusan na tamu a gefen TRAPPIST-1, nisan shekarar haske 40, uku daga ciki a wannan yanki.

A nan ne labarai suka fi yin zuzutawa, kuma a nan ne ya fi dacewa a yi hattara. Zama a yankin ba ya nufin akwai ruwa, balle rai. Zara, tauraruwar asuba, girmanta kusan ɗaya da duniyarmu, amma zafin doronta ya kai digiri 460 saboda kaurin iskarta. Proxima da TRAPPIST-1 kuma ƙananan jajayen taurari ne, irin da su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin gungunmu, wato babban tarin taurarin da Ranarmu take ciki. Hasken su rauni gare shi, don haka dole duniya ta matso sosai, inda aman wutar da tauraron ke yi zai iya kwashe iskarta, kuma mai yiwuwa fuska ɗaya take ba shi har abada, rabi rana rabi dare.

Shi ya sa hankali ya koma kan karanta iskar duniyoyin. Lokacin giftawa, wani ɗan haske na ratsa gefen iskar, kowane sinadari kuma yana shanye nasa launin, ya bar tabonsa. Da haka madubin Hubble da ke sararin samaniya ya gano sodiyam a iskar HD 209458 b a 2001. Madubin James Webb, mai faɗin mita 6.5, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, ya gano iskar kabon dayokzaid ƙarara a WASP-39b a 2022. A 2023 ya auna zafin TRAPPIST-1 b, sakamakon ya nuna da wuya tana da iska mai kauri.

Muhawarar K2-18b, mai nisan shekarar haske 124, ta nuna yadda aikin yake da santsi. A 2023 ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij ya samu iskar mitan da kabon dayokzaid a cikinta. A Afrilu 2025 suka ce sun ga alamar sinadarin DMS, wanda a duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da shi. Wasu masana suka sake nazarin bayanan suka ce alamar ba ta yi ƙarfin da za a dogara da ita ba, kuma wasu sinadarai na iya barin irin wannan tabo. Ko oksijin ba hujja ce yankakkiya ba, domin hasken tauraro na iya farfasa tururin ruwa ya tara shi ba tare da wata halitta ba.

Don auna iskar duniya irin tamu a gefen tauraro irin Rana, sai an toshe hasken tauraron a cikin madubin kansa, a rage shi sau biliyan 10. A 2021 kwamitin masana falaki na Amurka ya ba da shawarar gina babban madubin sararin samaniya domin wannan aiki, da burin ya ɗauki hoton duniyoyi kusan 25 masu yiwuwar kama da tamu, ya karanta iskar kowace.