Ma'aunin zafi mai lambobi ma yana kuskure

Masu kiwon kifi a akwatin gilashi a Garwa da Marwa sun daɗe da yarda cewa in ma'aunin zafi mai batir ya nuna 26.4, magana ta ƙare. Wannan ɗigon shi ke ruɗar mutane. Yawan lambobi daban, daidaito daban. Masu araha kan kauce da digiri guda, sama ko ƙasa, batir kuma in ya yi rauni abin na iya ƙaruwa.

Wanda ake mannawa a bayan gilashi ya fi muni, domin iskar ɗaki na shafarsa. A watan Afrilu, da zafin Garwa ke wuce digiri 40, sai ya ƙara wa ruwan zafin da ba nasa ba, daren hunturu kuma ya rage.

Gwada daidaiton ma'aunin ba ya cin ko dala. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a juya, a tsoma bakin ma'aunin a tsakiya ba tare da ya taɓa kofin ba. Bayan 'yan mintoci ya kamata ya nuna 0. In ya nuna 1, a rubuta a jikinsa, kullum a cire ɗaya.

Kada a gwada da tafasasshen ruwa. Yawancin ma'aunan nan lambobinsu ba su kai 100 ba, na gilashi yana iya fashewa, kuma a Ngaundere, saboda tudu, ruwa kan tafasa ne a wajen digiri 96.