Marubuci Helon Habila: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Bahaushe ne?

A'a. Batangale ne, an haife shi a Kaltungo ta jihar Gombe a 1967. Ba kowane ɗan Arewa ne Bahaushe ba, haba jama'a.

Da wane littafinsa zan fara?

Measuring Time na 2007, labarin tagwaye Mamo da LaMamo a wani ƙauyen Arewa, ɗaya mai ciwon sikila. Za ka gane mutanen ciki. Mai son siyasa ya nemi Waiting for an Angel, na ɗan jarida a zamanin Abacha. Dukansu da Turanci suke, kada a sake tambayata.

Yanzu yana ina?

Amurka. Yana koyar da rubutun ƙirƙira a Jami'ar George Mason.

To ni ma sai na je irin wannan makaranta kafin in zama marubuci?

Nan ne maganar take. Duba shi kansa: Jami'ar Jos ya yi, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bauchi, ya tafi Legas a 1999 ya shiga aikin jarida. Tarin gajerun labaransa na farko shi ya buga abinsa a 2000, labari ɗaya daga ciki ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001. Ka ga ba aji ne ya haife shi ba. Amma ban ce ajin banza ne ba. Abin da za ka samu shi ne wa'adin miƙa aiki, da mutane zagaye da tebur, kowa da takardarka cike da jan biro, kana zaune shiru ana fede babin da ka fi ƙauna. Wannan kam yana gyara mutum, in yana da zuciyar ɗauka. In ka samu tallafin karatu, ka je. Sayar da gonar gado kuwa, ban ba ka shawara ba. Kuma in da Hausa kake rubutu, malamin can ba zai iya karanta ka ba. Zaman marubuta na ANA, wato Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, a Kano ko Kaduna ya fi maka amfani, muddin ba yabon juna kawai ake yi ba. Kada ka karaya don ba ka da fasfo.

Zai duba min rubutuna in na tura masa?

Ka gama rubutawar tukuna. Babi uku a WhatsApp ba littafi ba ne.