Waiwaye: Ƙaramar hukuma da al'adar mutanenta, daga En'e zuwa Agege

Kafin 1976, kowane yanki a Najeriya da yadda yake tafiyar da mulkin gari. A Arewa En'e ce, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, umarni na saukowa daga sarki zuwa hakimi, dagaci, har mai unguwa. Legas kuwa tana da majalisar gari tun 1917. En'e ta yi zalunci, dattawa ba su manta da wuyar haraji ba, amma talaka ya san ƙofar da zai buga. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗinka wa kowa riga iri ɗaya: ƙananan hukumomi 301 masu tsari guda, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Yau sun kai 774.

Wasu ƙasashen daga abin da mutane suka saba suka fara. A Ruwanda akwai tsohuwar al'ada, imihigo, inda mutum kan tashi gaban jama'a ya ɗau alkawarin wani aiki, in ya gaza ya sha kunya. A 2006 aka mayar da ita yarjejeniya: shugabannin gundumomi na sa hannu gaban shugaban ƙasa kan abin da za su yi, shekara na cika a auna su. Umuganda kuma aikin gayya ne na Asabar ɗin ƙarshen wata. Akwai tilas a ciki, wanda ya ƙi fita tara na jiransa, sai dai tushen abin nasu ne. A Porto Alegre ta Brazil, a 1989 aka fara barin mazauna unguwa su zaɓi inda wani kaso na kasafin birni zai tafi, titi ne ko magudana. Abin ya kama domin ƙungiyoyin unguwanni sun riga sun yi ƙarfi.

Legas ta fi ba da ƙarfi ga rigimar yawan ƙananan hukumomi. A 2003 Tinubu, yana gwamnan jihar, ya ƙara 37 a kan 20 da ake da su, Obasanjo, yana shugaban ƙasa, ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, daga baya aka mayar da su yankunan raya ƙasa.

Sharar gari a Legas ta fi nuna bambancin abin da aka ɗora wa mutane da abin da suka saba. Ta Asabar ɗin ƙarshen wata da bulalar soja ta shigo, zamanin Buhari da Idiagbon. Kotu ta ce a 2015 hana zirga-zirga lokacin sharar ya saɓa doka, Gwamna Ambode ya soke ta a 2016. Ta kasuwa ranar Alhamis kuwa ba ta yanke ba. Rumfuna na rufe har ƙarfe goma, wani na yashe kwata da shebur, 'yan gwari na kwashe ruɓaɓɓen tumatir. Iyaloja, wato shugabar kasuwa, da shugabannin sashe ne ke tsaye a kai, kuma ɗan kasuwa ya fi tsoron jin kunyarsu a kan takardar ofis.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abin da ke damuna, sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba, da shugabannin kasuwa a Mile 12, sun san kwatar da ke ambaliya duk damina da layin da ba famfo, amma an fi tunawa da su in zaɓe ya gabato ko faɗa ya ɓarke. Kamata ya yi ciyaman ya zauna da su kafin a rubuta kasafi, a karanta alkawuran a bainar jama'a da Yarabanci da Hausa, baɗi a dawo a tambaye shi.