Uwa da nacin yara a kanti cikin zanen barkwanci na jaridu

Uwa da yaro mai naci a babban kanti jigo ne da ake yawan komawa gare shi a zanen barkwanci na jaridun Amurka da Kanada, musamman zanen da ya shafi zaman iyali. Tsarinsa kusan ɗaya ne kullum: uwa tana tura keken kaya riƙe da takardar cefane, yaro ya hango alawa ko kwalin hatsin karin kumallo, ya kafe sai an saya masa. Abin da ke bambanta mai zane da ɗan'uwansa shi ne martanin da ya ba uwar, da wanda ya bari ya yi galaba a akwatin ƙarshe, wato hoto na ƙarshe cikin jerin hotunan zanen.

Asali

Jigon ya biyo bayan sauyin da kanti ya yi ne. A da, mai saye yakan tsaya gaban teburi ya faɗi abin da yake so, mai kanti ya ɗauko masa, hannun yaro ba ya kai wa ga komai. A 1916 Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a birnin Memphis, inda kowa ke ɗaukar kaya da kansa. A 1937 Sylvan Goldman ya fito da keken kaya a Oklahoma, daga baya aka ƙara masa mazaunin yaro. Wannan mazauni ya sauƙaƙa wa masu zane aiki, domin yana haɗa fuskar uwa da ta ɗanta daf da juna a ɗan ƙaramin fili, kaya kuma na gefen hannun yaron. Tallar talabijin ta shekarun 1950 ta ƙarasa sauran: yaro yana shiga kanti ya riga ya san sunan abin da zai yi wa magiya.

Tsofaffin zane irin su The Katzenjammer Kids, wanda Rudolph Dirks ya fara a 1897, sukan rufe da dukan yara masu ƙiriniya. Zanen iyali na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamar Dennis the Menace na 1951, Hi and Lois na 1954 da The Family Circus na 1960, sun fi sassauci, kuma a hankali duka ya daina zama abin dariya a shafin da yara ke karantawa. Uwa a kanti ta rage da baki da ido kawai, ga jama'a suna kallo.

Dabarun uwa

Mafi yawa ita ce kunnen uwar shegu. Yaro na zuba magiya a akwati uku, uwa na duba farashin gwangwani kamar ba da ita ake ba. Mai zane yakan maimaita fuskarta ba tare da ya canza ko layi ɗaya ba, yana ƙara girman rubutun yaron daga akwati zuwa akwati.

Akwai kuma gindaya sharaɗi tun a bakin ƙofa: ba gudu, ba taɓa kaya, abu ɗaya kacal za a saya. Mai karatu ya san sharaɗin zai karye, yana jiran ya ga ta ina ne. Sau da yawa yaron yakan bi lafazin dokar ya karya manufarta, misali ya ɗauko abu ɗayan amma buhu guda. Sai toshiyar baki da biskit, harara, da gargaɗi ƙasa-ƙasa wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa. Miƙa wuya shi ma dabara ce, kuma yawanci ba a nuna lokacin da ya faru. Akwati na uku uwa ta ce a'a ta ƙarshe, na huɗu ga yaro a mota yana shan alawa. Mai karatu ne ke cike giɓin da kansa, a nan kuma dariyar take.

Layin biyan kuɗi shi ne wurin da rikici ke ƙamari, domin can ake jera alawa da cakulan daidai tsayin yaro, uwa kuma ba ta da hanyar fita, keke gaba keke baya. Can ne kuma asirin kayan da yaro ya jefa cikin keke a ɓoye yake tonuwa a gaban mai karɓar kuɗi.

Iyaye mata huɗu

Thel ta The Family Circus, wadda Bil Keane ya zana bisa kamannin matarsa Thelma, ba ta cika magana ba. Zanen The Family Circus na ranakun aiki da'ira ɗaya ce tal, rubutun ƙasa kuma galibi furucin ɗaya daga cikin yara huɗu ne, don haka duk martaninta yana cikin gira da laɓɓa.

Mahaifiyar Calvin a Calvin and Hobbes na Bill Watterson, wanda ya fito daga 1985 zuwa 1995, ba a taɓa faɗin sunanta ba. Tana da gajen haƙuri da iya baƙar magana, ɗanta mai shekara shida kuma gwanin gardama ne. Watterson ya fi kai hari ga masu talla fiye da uwar. Ya ƙirƙiri hatsin karin kumallo mai suna Chocolate Frosted Sugar Bombs, kuma a 1989 ya sa Calvin ya cinye kwali huɗu don ya samu hula mai farfela, ya yi ta jira makonni, hular ta iso ba ta tashi da shi sama ba.

Elly Patterson ta For Better or For Worse, wanda Lynn Johnston ta fara a Kanada a 1979, takan daka tsawa sannan ta yi nadama. Johnston uwa ce, kuma ta bar 'ya'yan zanenta suna girma shekara bayan shekara, abin da ya sa naci yake sauya kama maimakon ya tsaya kan alawa har abada. Ita kuwa uwa mai suna Wanda MacPherson ta Baby Blues, na Rick Kirkman da Jerry Scott tun 1990, gajiya ce alamarta: yara uku, kowa da tasa rigimar a lokaci guda.

Ƙa'idojin aikin da inda yake ɓaci

Zanen ranakun aiki galibi akwati uku ne ko huɗu. Na farko ya kafa wuri, kuma keke ɗaya da layin gwangwani biyu sun isa. Na biyu roƙo, na uku ƙamari, na huɗu juyi. Jaridu suna rage girman zane kafin bugawa, saboda haka wanda ya cika bango da kwalaye da rubutu zai tarar sun cakuɗe sun danne fuskoki. Ana guje wa sunan kaya na gaskiya, a ƙirƙiri na bogi. Zanen Lahadi mai launi ne kuma ya fi fili, amma wasu jaridu sukan yanke layin sama, don haka ba a ɗora muhimmin ɓangaren labari a kansa.

Babban kuskure shi ne rashin ma'auni. Idan yaro ya wuce gona da iri har ya zama abin ƙi, mai karatu haushi zai ji. Idan uwa ta yi zafi da yawa, tausayi ya koma kan yaron. Wani ɗan kallo a gefe, tsohuwa ko mai karɓar kuɗi, yakan gyara ma'aunin, domin kunyar idon jama'a ce ke ɗaure uwar.

Alaƙa da rayuwa ta zahiri

Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da aka wallafa a 2011 ya tattauna da iyaye mata 64 masu 'ya'ya 'yan shekara 3 zuwa 5. Dabarun da suka lissafa sun haɗa da ƙyaliya, tsawa, ɗauke hankali, kafa doka, bayani da miƙa wuya, kuma sun ɗauki miƙa wuya a cikin mafi ƙarancin amfani. Bayani cikin natsuwa, wanda da yawansu suka yaba, ba safai yake fitowa a zane ba, tunda yana cin kalmomi kuma ba ya ba da dariya. A Ingila, daga 1 ga Oktoba 2022, doka ta hana manyan kantuna jera kayan da suka cika sukari, kitse ko gishiri a wurin biyan kuɗi, ƙarshen layukan kaya da bakin ƙofa.