Kama Hannun Matashi Har Ya Shiga Jami'a da Ƙafarsa: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa suna da wani matashi a hannunsu: ƙane, ɗaliba, ɗan 'yar'uwa, ko yaron da wata ƙungiya ta ba su amanarsa. Suna son su ga ya kai ga jami'a ko kwaleji, amma ba su san ta inda za su ɓullo wa al'amarin ba. Ga tambayoyin da masu irin wannan ɗawainiya suka fi yi. Duk abin da aka faɗa kan ɗa namiji ya shafi 'ya mace.

Mene ne aikin jagora, tunda ga iyaye ga malamai?

Malami yana ba da maki, uba yana da iko da hukunci. Jagora ba shi da ko ɗaya, kuma shi ya sa matashi yake iya faɗa masa abin da yake ɓoye wa gida, kamar cewa ya faɗi lissafi, ko ba ya son kwas ɗin da aka zaɓa masa. Aikinka shi ne ka san shi sosai, ka nuna masa hanyar da bai taɓa bi ba, sannan ka riƙa sakar masa ragama kaɗan-kaɗan. Da wannan na ƙarshen za ka auna kanka. Idan bayan shekara biyu har yanzu kai ne kake tuna masa ranar rufe cike fom, to aikin bai yi ba, ko da ya samu gurbi. A jami'a babu mai tashinsa da safe, babu mai bin sa kan aikin da bai miƙa ba.

Sau nawa za mu riƙa haɗuwa, kuma har zuwa yaushe?

Awa ɗaya kowane mako, a rana ɗaya tsayayya. Idan hakan ba zai yiwu ba, a yi mako biyu-biyu, amma kada a riƙa ɗagawa. Kafin ka ce "to", ka tabbata za ka iya shekara guda aƙalla. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes sun nazarci matasan da ke ƙarƙashin ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta Amurka, mai haɗa matasa da manyan da za su yi musu jagora. Waɗanda alaƙarsu da jagora ta kai shekara ko fiye su ne suka fi amfana. Waɗanda tasu ta watse kafin wata uku kuwa, sai aka ga ƙimarsu a idon kansu ta ragu, har yardarsu da cewa za su iya karatu ta yi ƙasa. Yaron da babba ya nuna masa kulawa sannan ya ɓace yakan ɗauka laifinsa ne. Gara tun farko ka ce ba ka da lokaci.

Awar kuma kada ta tafi a hira. Minti 10 na farko ka saurari yadda makonsa ya kasance. Minti 15 ku duba alkawarin da ya ɗauka makon jiya. Minti 25 ku yi aiki ɗaya tak, ko darasin da ya gagare shi ko binciken wata makaranta. Minti 10 na ƙarshe ya rubuta da hannunsa abin da zai yi kafin ku sake haɗuwa, abu biyu ko uku, kada su wuce haka.

Yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya iya zama ya yi karatu. Ta yaya ake koya masa horar da kai?

Damuwarka tana da tushe. Angela Duckworth da Martin Seligman sun bi ɗaliban aji takwas a Amurka, suka wallafa a 2005 cewa iya horar da kai ya fi gwajin kaifin ƙwaƙwalwa nuna wanda zai fito da maki mai kyau a ƙarshen shekara. Sai dai wa'azi ba ya gina wannan halin. Yaron ya riga ya san ya kamata ya yi karatu. Abin da ya rasa shi ne tsari.

Fara da gyara yadda yake furta niyya. "Zan ƙara ƙwazo" ba ta da rana, ba ta da wuri, don haka ba ta da ranar cika. Masanin halayyar ɗan'adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika nesa ba kusa ba. Sai ka sa ya rubuta kamar haka: "Ƙarfe biyar na yamma, zan zauna a teburin ɗaki in warware tambayoyi goma na kimiyyar sinadarai, wayata tana wani ɗaki." Yanzu akwai abin da za ku duba mako mai zuwa: ya yi ko bai yi ba.

Sannan a fara da kaɗan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne matashi ya ji zafin magana ya zana jadawalin awa shida a rana. Litinin ya yi, Talata ya yi rabi, Laraba ya watsar, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa shi malalaci ne. Tsarin da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 ya fi dacewa: minti 25 ana aiki ba a taɓa komai, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Mai farawa zagaye biyu a rana sun ishe shi. Idan ya riƙe su mako biyu, a ƙara ɗaya.

Kuma ka yi haƙuri da lokaci. Binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan ya gano cewa sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wannan ya kamata yaron ya ji daga bakinka tun kafin ranar da zai tsallake ta zo.

Wayar hannu fa? In ƙwace ta?

A'a, ba hurumin jagora ba ne, kuma ranar da ya bar gida za ta dawo hannunsa. A gwajin da Walter Mischel ya yi da ƙananan yara a Jami'ar Stanford, an ajiye musu alawa ɗaya aka ce wanda ya jira zai samu biyu. Waɗanda suka fi jira ba su ne suka zuba wa alawar ido suna cije baki ba. Sun kau da kai ne, wasu sun rufe ido, wasu sun kama waƙa. Darasin shi ne a nisanta abin daga ido. Wayar ta zauna a wani ɗaki lokacin karatu, a kashe sanarwar manhajojin sada zumunta, cajar ta kwana a wajen ɗakin barci. Kowane mako ya buɗe lissafin awannin da wayar take nunawa ya karanta maka da kansa, shi kuma ya faɗi adadin da yake son ya koma.

Kada dai a ɗauki gwajin alawar a matsayin hukunci kan makomar yaro. Wani bincike mafi girma da ya fito a 2018 ya nuna alaƙar ta ragu sosai da aka yi la'akari da halin gidan da yaran suka fito.

Barci ma yana cikin wannan magana. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga 'yan shekara 13 zuwa 18. Yaron da yake kwanciya ƙarfe biyu na dare ba zai iya kame kansa da rana ba, ko wane irin jadawali aka zana masa.

Tana daɗewa a kan littafi amma jarrabawa ba ta yin kyau. Ina matsalar?

Ka zauna kusa da ita minti 20 ka ga yadda take karatun. Galibi za ka tarar tana maimaita karanta shafi ɗaya tana ja wa layuka layi. Ido ya saba da shafin, sai ta ɗauka ta iya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan: bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada tunawa sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Hanyar da ta fi daɗi a lokacin ita ce ta fi yaudara.

Gyaran shi ne ta karanta sashe ɗaya, ta rufe littafi, ta rubuta duk abin da ta tuna a farar takarda, sannan ta buɗe ta cike giɓi da wani launin biro. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a farkon lokaci bayan koyo, saboda haka ta koma kan darasin washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan mako uku. Ta riƙa yin tsoffin tambayoyin jarrabawa da agogo a gabanta. Ta kuma ware littafin kurakurai: tambayar, amsar da ta bayar, da dalilin kuskuren. Shin ba ta san abin ba ne, ko ba ta karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya ƙure? Kowanne da maganinsa daban, kuma bayan wata guda littafin zai nuna wanne ne ya fi cin ta.

Yaushe ake fara shirin neman gurbi, kuma me ya fi ɓata shi?

Shekara biyu kafin gama sakandare, domin darussan da ya zaɓa a lokacin su ne za su buɗe ko su rufe ƙofar wasu kwasa-kwasan. Ya fitar da makarantu biyar ko shida: ɗaya ko biyu masu wuyar shiga, biyu daidai ƙarfinsa, da aƙalla ɗaya da yake da yaƙinin samu. Ga kowacce ya rubuta darussan da ake buƙata, mafi ƙarancin maki, ranar buɗewa da rufewa, kuɗin makaranta da na masauki, da tallafin karatun da ake bayarwa. Ya ɗauko bayanin daga shafin makarantar na intanet, ba daga "an ce" ba, ya kuma tabbatar hukumar ilimi ta ƙasarsa ta amince da kwas ɗin.

Abin takaici, ƙananan abubuwa ne suka fi jawo asara. Suna ya sha bamban tsakanin takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, ko da harafi ɗaya ne. An buɗe imel da lambar wayar wani, an manta kalmar sirri, saƙon makaranta ya shiga ba wanda ya gani. An bar tura fom sai ranar ƙarshe, shafin ya cushe. An nemi wasiƙar shaida daga malami saura kwana biyu, alhali mako huɗu zuwa shida ya kamata a ba shi. Ku sa wa kanku ranar rufewa mako guda kafin ta gaskiya. Wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, a guje shi.

A duk wannan, shi ne zai zauna gaban kwamfuta, kai kana gefe. Idan ana buƙatar rubutun gabatar da kai, kada ka rubuta masa. Ka karanta, ka nuna inda ba ka gane ba, ya gyara.

Idan ya saɓa alkawari ko ya faɗi jarrabawa, me zan ce?

Kada ka yi faɗa, kada kuma ka ce "ba komai". Ka tambaye shi me ya faru, wane ɓangare ne yake hannunsa, me zai canza a wannan makon. Sannan ka yi shiru ka jira, ko shirun ya yi nauyi. Idan ya ce malamin ne ba ya koyarwa, mai yiwuwa gaskiya ne, sai ka ce, "To ga shi haka yake, kai me za ka yi?" Ɗaukar nauyin kai ke nan, ba wai ya yarda komai laifinsa ne ba.

Ka bar shi ya ɗanɗani ƙaramin sakamako. Bai yi aikin gida ba, ya fuskanci malami da kansa, kada ka je roƙo. Amma abin da ba ya gyaruwa, kamar ranar rufe rajistar babbar jarrabawa, nan za ka sa baki ko ya ji haushi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai kula da tsara abubuwa da hangen gaba ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka tuntuɓe ba alamar lalacewa ba ce.

Ka kuma lura da abin da ba lalaci ba ne. Yaron da ba ya ganin allo yana buƙatar gwajin ido. Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barcinsa ya rikice, ya daina son abin da yake so a da, likita yake buƙata, ba sabon jadawali ba.

Akwai iyakar da bai kamata in ƙetare ba?

Akwai. Iyaye su sani su kuma yarda tun ranar farko. Ku haɗu inda mutane suke gani, kamar ɗakin karatu ko makaranta. Ka faɗa masa za ka riƙe sirrinsa, sai dai idan ana cutar da shi ko zai cutar da kansa. Idan za ka taimaka da kuɗi, ya bi ta hannun iyaye ko kai tsaye ga makaranta.

Idan ya ce shi ba ya son jami'a fa?

Ka bincika ko ƙi ne na gaske ko tsoro. Ka kai shi ya ga harabar wata makaranta, ya yi magana da ɗalibi da kuma mai aikin da yake sha'awa. Idan bayan haka ya zaɓi kwalejin fasaha ko koyon sana'a, ka taya shi da irin ƙwazon da za ka yi da a ce jami'a ya zaɓa.

Ya samu gurbi. Na gama ke nan?

Da saura. Benjamin Castleman da Lindsay Page sun nuna cewa a Amurka kaso mai tsoka na ɗaliban da aka ɗauka, musamman 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ba sa bayyana ranar buɗe makaranta, saboda takardu da kuɗi da masauki sun sha kansu a watannin da ke tsakani. Sun kuma ga cewa gajeren saƙon tunatarwa ta waya yana ƙara yawan masu shiga. Ku zauna ku lissafa abin da ya rage: karɓar gurbin a kan lokaci, biyan kuɗi, masauki, gwajin lafiya, rajistar darussa. Bayan ya shiga, ka kira shi kowane mako biyu a zangon farko, ka tambaye shi ko ya san ofishin mai ba ɗalibai shawara, ko ya taɓa zuwa wurin malami da tambaya, ko kuɗinsa zai kai ƙarshen wata. A zango na biyu ka mayar da kiran sau ɗaya a wata, ka kuma gaya masa cewa daga yanzu shi ne zai riƙa sa ranar.