Jirgin ƙasa maras matuƙi da ginin hanyarsa

Jirgin ƙasa maras matuƙi jirgin fasinja ne na cikin gari wanda kwamfuta ke tayarwa, ta taka masa birki, ta buɗe ƙofofinsa, ma'aikata kuma suna lura da shi daga ɗakin kula guda. An kasa irin wannan sarrafawa matakai-matakai. A mataki na 4, wanda shi ne ƙoli, ba a buƙatar ma'aikaci ko ɗaya a cikin tarago. Layin Port Liner na birnin Kobe a Japan ya fara aiki a 1981, na Lille a Faransa ya biyo a 1983, na Dubai a 2009. Na Riyad, da aka buɗe a ƙarshen 2024, yana da layuka 6 masu tsawon kilomita 176.

Jirgin yana aika matsayinsa da saurinsa ta rediyo ba ƙaƙƙautawa, kwamfuta kuma ta ƙayyade masa tazara da na gabansa. Amma tsarin ya ginu ne a kan cewa babu abin da zai gitta. Ko akuya kada ta samu kafar shiga. Shi ya sa ake binne hanyar a ƙasa ko a ɗaga ta sama, a tashoshi da yawa kuma a sa ƙofofin gilas da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya.

A ginin hanyar nauyin aikin yake. Hanyar sama ta fi ramin ƙasa araha, kuma ana iya bi da ita ta tsakiyar titi. Ana fara da gwajin ƙasa, a haƙa tushe mai zurfi a zuba rodi da kankare, a tayar da ginshiƙai. Gadar kanta a wani fili daban ake zuba ta gutsure-gutsure, a kawo da tirela, galibi da dare. Wata ƙatuwar na'urar ƙarfe da ke tafiya bisa ginshiƙan ita ke ɗaga su ta jera, sannan a zura igiyoyin ƙarfe ta cikinsu a ja da ƙarfi har su zama dungu ɗaya. Ana barin ɗan giɓi a mahaɗa, domin kankare na miƙewa da zafi. Daga nan sai shimfiɗa dogo da layin lantarki. Alhazan da suka hau jirgin Masha'ir tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa sun ga irin wannan gada.

Jirgin cikin gari na Abuja ba ya cikin rukunin jirage marasa matuƙi. Kamfanin CCECC na Sin ne ya gina shi, aka ƙaddamar a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, ya dawo a Mayun 2024. Yana haɗa tsakiyar birni da Idu, Kubwa da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, da man dizal yake aiki, kuma matuƙi ke jansa. Kafin a mayar da irinsa maras matuƙi sai an ja masa lantarki wanda ba ya ɗaukewa, an killace hanyar daga farko har ƙarshe, an kuma sake tsarin sigina. Inda aka fi buƙatar layin sama shi ne hanyar Nyanya zuwa Mararaba, wadda ma'aikata ke shan cunkoso a kanta safe da yamma, gefenta kuma ya cika da gidaje da kasuwanni, ta yadda shimfiɗa dogo a ƙasa zai jawo rusau mai yawa.